Yadda ake gwada labarin asalin kalma da asalin ƙabila kafin a tura wa wani

Duk wanda yake cikin zaurukan WhatsApp na Nima, Sabon Zongo, Aboabo ko Asawase ya san irin saƙon. Wani mai daɗin murya zai jero kalmomi goma ko ashirin, ya ce ga shi nan, Hausawa daga Habasha suke, ko Tonawa, wato Asante, Bani Isra'ila ne da suka ɓace, ko Ankarawa, wato mutanen Ga na Accra, daga Masar suka taso shi ya sa bikin Homowo ya yi kama da idin Yahudawa. A majalisar ataya a yi ta musu har dare ya raba, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi. Alhali irin wannan magana tana da ma'auni, kamar yadda zinariya take da shi, kuma wanda ya yi makarantar allo ya iya ɗan Larabci ya riga ya mallaki rabin kayan aikin.

Abin da ake bukata kaɗan ne: littafin rubutu, ƙamus na kowane harshe da ake magana a kai, da mutum ɗaya wanda aka haifa cikin harshen. Na Hausa, ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya fi amfani a wannan aiki, don yana nuna karin sauti da tsawon wasali, yana kuma faɗin yadda Sakkwatawa da Katsinawa suke furta kalma. Na Twi, harshen Tonawa, akwai na Christaller na 1881. Duka biyun ana samun su a intanet. A ja layi a raba kowane shafi gida shida: kalmar, yadda masu ita suke furta ta, saiwarta, ma'anarta ta ainihi, tsohuwar siffarta, sai hukunci. Yamma biyu sun isa a gama da jerin kalmomi ashirin.

Da farko a tantance me ake da'awa

Masu irin wannan saƙo sukan cakuɗa magana uku su mai da su ɗaya. Ta farko: wannan kalma daga wancan harshe aka aro ta. Ta biyu: harsunan nan biyu kakansu ɗaya. Ta uku: mutanen nan daga can suka yi ƙaura. A rubuta da'awar cikin jimla ɗaya a saman shafi, a sa mata lamba ɗaya, biyu ko uku. Kowace tana da irin hujjar da take nema, kuma tabbatar ta farko ba ya jawo ta uku. Duk Accra ana cin waakye, sunan kuwa daga wake ne na Hausa, haka tuo zaafi da koose, haka kayayo da ta haɗa kaya na Hausa da kalmar Ga mai nufin mace. Babu mai hankalin da zai ce don haka Ankarawa daga Kano suka zo.

A rubuta kalma yadda masu ita suke faɗinta

Nan ne da'awa da yawa suke mutuwa tun ba a je ko'ina ba. A 1930 wani limamin Katolika Ba'amurke, Joseph J. Williams, ya wallafa littafi yana cewa akwai jinin Ibraniyawa a jikin Tonawa. Cikin hujjojinsa har da sunan ƙabilar: wai Ashanti daga Ashan ne, wani gari da aka ambata a Tsohon Alkawari na Baibul, aka ƙara masa ti. To amma je fadar Manhyia ko kasuwar Kejetia a Kumasi ka saurara. Masu sunan Asante suke cewa. Ashanti da sh rubutun Turawa ne. Wato an kwatanta rubutun Bature da sunan Ibrananci, ba a ko taɓa Twi ba.

Da tsohon harshen Masar abin ya fi haka muni. Rubutun zanen Fir'aunoni, wanda Champollion ya warware a 1822, ba ya nuna wasula, baƙaƙe kawai ake rubutawa, kamar Larabcin da ba a yi wa wasali ba. Masana suna cusa e a tsakanin baƙaƙen don bakinsu ya iya furtawa, shi ya sa ake jin nefer da kemet, amma a rubuce nfr ne da kmt. Duk wanda ya kafa hujja da wasalin kalmar Masar ya kafa ta ne a kan abin da malaman jami'a suka ƙara. Ɗan abin da aka sani game da wasulan yawanci daga harshen Kibɗawa aka samo shi, wanda shi ne ƙarshen wancan harshe.

A Hausa kuma a kula da abu uku da rubutun yau da kullum yake ɓoyewa: ƙugiya, tsawon wasali, da karin sauti. Baki da baƙi ba ɗaya ba ne, haka fari na launi da fari na rashin ruwa. Ga sanannen labarin nan cewa Hausa daga "hau sa" ne, wai wani ya hau bijimi aka sa wa mutane suna. Faɗi sunan Hausa a hankali: gaɓoɓin biyu duk a sama suke. Faɗi sa na shanu: murya tana farawa a sama ta gangaro. Karin bai dace ba. Ban da haka, duk sunan da aka fasa aka fitar da jimla mai labari a cikinsa, a ɗauke shi da zargi, don yawanci sunan ne ya riga labarin. Nima ba ta kai shekara ɗari ba, cikin shekarun 1930 aka fara zama a wurin, amma tuni sunanta yana da bayani biyu: wasu su ce ni'ima ce ta Larabci, wasu su ce daga Ga ne, garin Nii. Idan sunan da kakanninmu suka ga kafuwarsa ya rabu biyu, ina ga na shekara dubu uku?

A cire ɗafi, a nemo tsohuwar siffa

Ba a kwatanta kalma da rigarta. Makaranta saiwarta karant ce, ma ɗafi ne. Bahaushe ba da she ya ƙare ba tun asali: s ce ta koma sh a gaban e, kamar yadda ƙasa take zama ƙasashe, t ta koma c a mota da motoci, w ta koma y a bawa da bayi. Wanda ya ɗauki motoci ya je yana neman kalma mai c a wani harshe ya ɓata lokacinsa.

Hausa tana da wata doka da wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana cikin shekarun 1920, kuma kowa zai iya jin ta da kunnensa a zango, tunda akwai jikokin Kanawa da na Sakkwatawa da na Gobirawa a layi ɗaya. Baƙin leɓe da ya zo a ƙarshen gaɓa ya koma u a Hausar Kano, amma Hausar yamma ta riƙe shi: sabka da sauka, zamna da zauna, amre da aure, abduga da auduga, tabshi da taushi. K da g ma sun bi wannan hanya, shi ya sa talaka yake da talauci, ɓauna take da jam'i ɓakane, buzu yake da bugaje.

Yanzu a gwada wannan doka a kan maganar Habasha. A ido abin ya yi kyau: Habasha, Habsha, Hausha, Hausa. Amma idan u ɗin Hausa daga b ta fito, dole mutanen da suke cewa sabka da abduga su ce Habsa. Ba sa faɗi, Hausa suke cewa kamar kowa. Sannan babu dalilin da zai sa sha ta koma sa, tunda harshen yana da sha da shanu da shara bai taɓa su ba. Na uku, kalmar Habasha tana nan daram a Hausa, an aro ta daga Larabci, ba ta sauya ba. Gwaji uku, faɗuwa uku. Akwai wata shawara da masana suka fi saurara, cewa a harshen Songai hausa tana nufin gaɓar hagu ta kogin Kwara, kishiyar gurma. Ita aƙalla sautinta ya dace kuma maƙwabta ne, amma ko ita shawara ce, ba a rufe littafi a kanta ba.

Wani gargaɗi ga mu na nan: kada a yi gwajin da Hausar zango. Gaananci, wato Hausar Ghana, ya sassauta ƙugiya a bakin mutane da yawa, ɗa ta koma da, ƙa ta koma ka, kuma bambancin ya da ta ya yi rauni. Wannan ba aibi ba ne, haka harshe yake yi idan baƙi da yawa suka ɗauke shi. Hasali ma darasi ne: cikin ƙarni biyu kacal tun zamanin fataken goro na Salaga an samu wannan sauyi. Kalmar da ta yi shekara dubu huɗu tana yawo kuma aka same ta sak yadda take, kamanninta ma abin tuhuma ne.

A tsince aro da maganar jarirai

Kafin a ƙirga kalmomin da suka yi kama, a fitar da waɗanda kasuwa ko addini ko mulki suka kawo. Hausa cike take da Larabci: littafi, alƙalami, duniya, lahira, sunayen kwanakin mako duka bakwai, da ƙidaya daga ashirin zuwa casa'in. Wasu ba kai tsaye suka zo ba. Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kasuwa da karatu ta hannun Barebari suka shigo. Raƙumi da takobi daga Buzaye ne, ashana da agogo daga Yarbawa. Alamar aro sau da yawa a fili take: al ko l a farkon kalma, ma'ana ta addini ko ciniki ko shari'a, da rashin 'yan'uwan kalmar a harsunan da suke dangin Hausa na kusa irin su Bolanci da Ngizim da Angas.

Ga misalin da ya kamata kowa ya riƙe. Bahaushe ya ce takarda, Batone ya ce krataa. Baƙaƙen sun yi kama, ma'ana ɗaya, kuma gaskiya ne tushensu ɗaya. Sai dai tushen ba na Hausa ba ne, ba na Twi ba. Kalmar Latin ce, charta. Ɗaya ta ratso Sahara a bakin Buzaye, waɗanda suka ɗora mata ta irin tasu a goshi. Ɗayar ta biyo teku a bakin mutanen Fotugal da suka gina gidan Elmina a 1482, waɗanda kuma suka bar wa Twi paano na burodi. Kalmomin biyu sun zo sun haɗu a kasuwar Kumasi, kowace ta hanyarta, ba tare da sun ce komai game da dangantakar Hausa da Twi ba.

Baba, mama, dada, nana, kaka a soke su gaba ɗaya. Su ne sautin da bakin jariri yake fara iyawa a ko'ina a duniya. Haka kalmomin kwaikwayon sauti, irin na kukan tsuntsu ko atishawa.

Lissafin dace

Wannan shi ne abin da masu jerin kalmomi ba sa so a yi. Idan ana yin sassauci irin nasu, wato b da f da p ɗaya ne, t da d da ɗ ɗaya, k da g da ƙ ɗaya, l da r ɗaya, wasali kuma ba a kula da shi, to baƙaƙe duka sun koma rukuni kamar goma. Damar baƙin farko ya dace ɗaya ce cikin goma, na biyu ma haka. Su dace tare, ɗaya cikin ɗari. Sai kuma a sassauta ma'ana, a ce rana tana iya dacewa da haske ko zafi ko wuta ko yini ko sama. An ninka damar sau biyar, ta zama biyar cikin ɗari. A bi kalmomi 2,000 da wannan ma'auni, za a tsinci kusan 100 da suka "dace" tsakanin kowane harshe biyu a duniya. Ƙamus ɗin Bargery kuwa yana da kalmomi sama da dubu talatin. Jerin kalmomi hamsin ba abin mamaki ba ne, rashin samunsu ne zai zama abin mamaki.

Idan baƙi ɗaya ne kawai a kalmar, abin ya zama wasa: da ma'ana biyar, kusan huɗu cikin goma za su dace. Twi ba, ya zo; Ibrananci ba, ya zo. Twi da, yini, Ingilishi day. Ra na Masar da rana, inda mai da'awar bai faɗi inda na ta fito ba, bai kuma faɗi inda ainun da ke cikin kalmar Masar ta tafi ba. Japanawa suna da yaro mai nufin wani gaye. Farisanci da Ingilishi duka suna da bad mai nufin mummuna, kuma an bi tarihin kowace an ga ba su haɗa hanya ba. Mu kanmu muna kiran Accra Ankara, daga Nkran na Twi, ga kuma Ankara babban birnin Turkiyya da ya samo sunansa daga Ankira ta zamanin Girkawa. Kama da wane ba ta wane.

Gwajin da ya fi saurin warkar da mutum: a ba shi ƙamus na harshen da ba wanda ya ce yana da dangantaka da Hausa, na Japan ko na Finlan, a ba shi awa ɗaya da irin sassaucin da ya yi wa kansa. Zai dawo da jeri.

Abin da yake zama hujja

Maimakon mai da'awa ya zaɓo kalmomin da suka yi masa daɗi, a tsayar da jeri tun kafin a duba: kalmomi ɗari da kowane harshe yake da su kuma ba a cika aronsu ba. Ƙidaya daga ɗaya zuwa goma, sassan jiki, ruwa, wuta, rana, wata, dutse, jini, ƙashi, ci, sha, mutu, gani, ji, ni, kai, mu. A cika duka, har da waɗanda ba su dace ba, a ƙirga duka. Sannan a nemi sauyin sauti mai maimaita kansa, wato duk inda harshe na ɗaya yake da wannan baƙi, na biyu yana da wancan, a kalma bayan kalma.

Wanda ya san Larabci zai ga yadda dangantaka ta gaskiya take idan ya ɗora shi kusa da Ibrananci. Inda Larabci yake da sinun, Ibrananci yana da sh: salam da shalom, sinn da shen na haƙori, sana da shana na shekara, ra's da rosh na kai, lisan da lashon, sab'a da sheva. Inda Larabci yake da harafin nan mai ɗigo uku na farkon salasa, nan ma sh ce: shalosh uku, shmone takwas, shor bijimi, sheleg ƙanƙara. Da zarar ka gane dokar, kana iya hasashen kalmar kafin ka buɗe ƙamus, kuma ka same ta haka. Wannan iya hasashen shi ne hujja.

Yanzu a sa Twi a wannan sikeli. Baako, mmienu, mmiɛnsa, ɛnan, enum. Ibrananci: ehad, shnayim, shalosh, arba, hamesh. Babu ko ɗaya. A duba nahawu: Ibrananci yana raba namiji da mace a suna da aikatau da sifa, yana gina kalma a kan baƙaƙe uku kamar Larabci. Twi ba ya raba shi da ita, ɔno ne duka. 'Yan'uwan Twi suna nan kusa, Nzema da Baule da Anyi da Gonja, cikin babban gidan da ake kira Neja-Kongo, kuma da su ne ƙidaya da sassan jiki suke dacewa.

A sa Hausa da Larabci: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ga wahid, isnan, salasa, arba'a, hamsa. Ba su dace ba, don haka Hausa ba 'yar Larabci ba ce. Amma a nan labarin ya ɗauki wata hanya, don idan aka zurfafa sai a tarar da wani abu. Mutu, ga mata na Larabci, ga mwt na Masar. Me, ga ma. Suna, wanda a harsunan Cadi da dama da m ake faɗinsa, ga ism da shem. Harshe, wanda yamma suke cewa halshe, jam'insa harsuna, idan aka cire ha irin ta hanci da haƙori sai a ga l da s na lisan, Buzaye ma iles suke cewa. Ƙashi, ga qs na Masar. Huɗu ko fuɗu, ga fdw na Masar. Nahawu ya fi ƙarfi: gidanka, gidanki, gidanku, ga baituka, baituki, baitukum. T ta mace. Ma ta wuri da kayan aiki a mabuɗi da masallaci da maɗinki, ga miftah da maktab. Irin waɗannan ba a sayo su a kasuwa.

Saboda haka masana suka sa Hausa cikin harsunan Cadi, su sama da 150 a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, su kuma reshe ne na gidan da Greenberg ya kira Afro-Asiya, tare da Larabci da Ibrananci da Amharik, da harsunan Buzaye, da Somali da Oromo, da tsohon harshen Masar. Paul Newman da Roxana Ma sun fitar da dokokin sautin Cadi a 1966. Ɗaya daga cikin dokokin da masana suka gano: tsohuwar r ta tsakiya ko ƙarshen kalma ta koma y ko i a Hausa, shi ya sa mai ya fito daga mar, wuya daga wura. Lura cewa dokar gaskiya sau da yawa tana haɗa kalmomin da ba su yi kama a ido ba.

A nan ake yawan zamewa. Dangantaka da Masar ba ta nufin Hausa daga Masar ta fito. Ɗan baffanka ba ubanka ba ne. An fara rubutu a Masar wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma tun a tsofaffin rubuce-rubucen harshen ya riga ya yi nisa da na Akkad na ƙasar Iraki. Kakan da suka haɗa da Hausa ya riga dalar Giza da dubban shekaru, lokacin babu Fir'auna, babu Balarabe, babu Bahaushe.

Harshe daban, jini daban, ƙaura daban

Wannan ba sai an koya wa ɗan zango ba. A Mamobi ko Alabar akwai Mosi da Kotokoli da Dagomba da Zabarmawa da Wangarawa da Busanga waɗanda Hausa ce harshen da suka buɗi baki da shi. Idan bayan shekara dubu wani ya ce duk daga Katsina suka zo don Hausa suke yi, ya yi kuskure. Haka sunan ƙasa: an zaɓi Ghana a 1957, J. B. Danquah yana cikin waɗanda suka matsa a kai, amma tsohuwar daular Ghana da al-Bakri ya bayyana a 1068 ta Soninke ce, a kudancin Muritaniya da yammacin Mali na yau. Zaɓen suna ba shaidar ƙaura ba ne.

Da'awar ƙaura tana neman abin da ake taɓawa da hannu. Mutanen da suka baro Masar ko Falasɗinu da sun zo da salon tukwanensu, da yadda suke binne gawa, da hatsinsu, da rubutunsu, kuma da an ga sawunsu a zangon da suka yada a hanya. A tambayi mai da'awa wane kufai aka tona, wa ya tona, a wace shekara, me aka gwada. Gwajin kabon, da ake auna tsufan abu da shi, yana aiki a kan gawayi da ƙashi da iri, ba ya aiki a kan dutse, kuma sakamakonsa kullum yana zuwa da tazarar shekaru, ba shekara ɗaya cif ba. Abin da ƙasa ta nuna kuwa shi ne mutane sun daɗe a nan. A Kintampo an samu ƙauyukan manoma da makiyaya na sama da shekara dubu uku. Kogon Bosumpra na Kwahu, da Thurstan Shaw ya tona a 1943, ya fi haka tsufa nesa. A Dufuna ta jihar Yobe an gano kwalekwale a 1987 mai kimanin shekara dubu takwas. A dutsen Dala ana narka ƙarfe tun wajen ƙarni na 7. Tonawa da kansu, a tarihinsu na baka, cewa suke kakanninsu daga rami suka fito a Asantemanso, ba su ce daga Urushalima ba.

Ga takardu kuma, a yi musu abin da malaman hadisi suke yi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shekara nawa tsakaninsa da abin. A raba ranar da aka tsara littafi da ranar da aka kwafe shi, a duba ƙarshen rubutun inda mai kwafi yake sa sunansa. A ɗaga takardar a hasken rana, idan aka ga tambarin jinjirin wata uku, takardar Italiya ce irin wadda ta cika kasuwannin Afirka ta Yamma a ƙarni na 19, komai tsufan labarin da ke kanta. Shekarar 999 da ake ba Bagauda, sarkin Kano na farko, ba a rubuce take a tarihin Kano ba. H. R. Palmer, wanda ya fitar da fassararsa a 1908, shi ya tara shekarun sarautar sarakuna ya ƙirga baya. Mai son ganin irin waɗannan takardu da idonsa, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami, har da na Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934.

Labarin Bayajidda yana da daraja, amma a karanta shi yadda yake. Ko a cikin labarin, baƙon ya tarar da gari da sarauniya da rijiyar Kusugu, ya tarar da maƙera a Gaya da suka ƙera masa wuƙa. Labarin gidan sarauta ne, bai ce jama'a ko harshensu daga Bagadaza suka zo ba. Kuma ba Daura kaɗai ba: sarakunan Borno sun danganta kansu da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, na Mali da Bilal, na Borgu da Kisra, Yarbawa da Lamurudu na Makka. Idan gidajen sarauta da yawa suka juya gabas bayan zuwan Musulunci, abin da ake koya daga ciki shi ne darajar gabas a idonsu a lokacin.

Akwai kuma tambayar da ta kamata a yi wa kowace irin wannan da'awa: wa ya fara ta? Sau da yawa idan aka bi sawu sai a ƙare a teburin Bature na zamanin mulkin mallaka wanda bai yarda baƙar fata zai iya gina komai da kansa ba. Da Karl Mauch ya ga ganuwar Zimbabwe a 1871, Sarauniyar Saba ya ba ginin, sai da David Randall-MacIver a 1905 da Gertrude Caton-Thompson a 1929 suka tona suka nuna 'yan ƙasa ne suka gina. Leo Frobenius ya ga kawunan Ife a 1910 ya ce ragowar Atlantis ne. Carl Meinhof a 1912 ya tara Hausa da Fulatanci da Masai wuri ɗaya ya kira su harsunan Hamawa, wato zuriyar Ham ɗan Annabi Nuhu, C. G. Seligman kuma a 1930 ya rubuta cewa wayewar Afirka ta waɗannan Hamawa ce da suka shigo daga waje. Greenberg ya rushe wannan rabo, ya mai da Fulatanci wurin 'yan'uwansa Wolof da Serer. Abin takaici, yau jikokin waɗanda aka raina ne suke tura wannan magana da alfahari.

Idan babba ne ya turo

Ba a ƙaryata dattijo a cikin zaure. A same shi shi kaɗai bayan sallah, a gaishe shi, a ce: "Baba, na ji saƙon nan, ya sa ni bincike. Akwai kalma uku da na kasa ganewa, ko za a taimaka mini?" A zaɓi uku kawai, waɗanda shafin ya nuna faɗuwarsu ƙarara. Idan malami ne, a shigo ta ƙofar da ya sani: "Allah ya gafarta Malam, wannan riwaya wa ya fara kawo ta, kuma daga wa ya ji?" A tafi da littafin rubutun, a buɗe masa shafin salam da shalom, sinn da shen, a rufe gefe ɗaya da hannu, a ce masa ga sana ta shekara, ya faɗi yadda za ta kasance a Ibrananci kafin a ɗaga hannun. Daga nan a miƙa masa jerin da aka turo, a roƙe shi ya nemo doka irin wannan a ciki.